Ɗaukakarsa Ta Same Ni a Kwance

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Ceto. Sunana Rifkatu, amma Maman Ishaku kuka fi sani, mai kaɗa tulu a zumuntar mata.

Ni a da, in aka ce ɗaukakar Allah, abin da na sani shi ne majami'a cike maƙil, mata sanye da anko, tulu na ruri a hannuna har tsigar jiki ta tashi. A ganina nan kaɗai take sauka.

Sai ɓarin jikina ya shanye. Makon farko ɗakina ba wurin sa ƙafa! Daga baya ƙafa ta ɗauke. Ban zarge ku ba. To, na ɗan zarge ku, gaskiya. Maigidana ya daɗe da rasuwa, ɗana Ishaku kuma tun asuba yake bin motar Abuja zuwa aiki. Daga ni sai bango.

Lahadi ta fi ciwo. Iska tana kawo mini waƙarku, ina jin wata na kaɗa tuluna, ba ta ma riƙe kiɗan daidai. Na ce shi ke nan, ɗaukaka ta bar gidan nan kamar yadda ta bar Isra'ila ranar da aka ƙwace akwatin alkawari. Na daina cin abinci. Mutuwa kawai nake jira.

Wata Lahadi da hantsi, Hajjo, Bafulatanar da ke kawo mini nono, ta leƙo ta ga kwanon jiya a rufe.

"Maman Ishaku, da Allah kike fushi ko da tuwo?"

Na ce, "Allah yana can inda ake waƙa."

Ta ce, "Haba! To mu da ke daji da shanu, wa ke tare da mu?" Ta dama fura ta ajiye mini, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi.

Na fashe da kuka. Roƙon annabi Musa ne ya zo bakina, na ce Ubangiji, nuna mini ɗaukakarka, na gaji! Sai na tuna inda Allah ya ajiye Musa ranar da ya yi wannan roƙo. Cikin tsagin dutse, shi kaɗai, ya rufe shi da tafin hannunsa har ya wuce. Ashe duhun da Musa ya zauna a ciki hannun Allah ne!

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Ɗakin ne ya cika da ɗaukakarsa, har na ji kunyar kwanciya ba ɗankwali. Na jawo furar nan da hannun hagu, na sha har ƙasan kwano. Halleluya!

Yau ga ni tsaye a gabanku da sanda. Na gode wa Ubangiji da bai bar ni na mutu da fushi ba. Ku dogara gare shi, ba ya ƙyamar ɗakin mara lafiya.

Baba Audu, tsohon mai gadin majami'ar nan, yana kwance ba lafiya a ɗakinsa na bayan tasha tun damina. Allah yana wurinsa, wannan na tabbata. Ku ne ba ku je ba.