Likita Ya Ce Lamont Lafiyarsa Ƙalau

ODESSA: Alo? Alo? Wa ke magana?

RENITA: Ni ce, Mama. Ina kwana?

ODESSA: Wa? Benita ta kantin magani? Ai na ce muku sai Litinin zan zo in karɓa.

RENITA: Renita, Mama! Surukarki, matar Lamont.

ODESSA: Au, 'yata! Tsaya in fito baranda, wayar nan ba ta ji a kicin, sai ka ce ta yi faɗa da murhu. Yauwa. Kina ji na yanzu?

RENITA: Ina ji. Kin tashi lafiya?

ODESSA: Lafiya lau, mun gode wa Ubangiji. Ya gida? Ya sanyin garin naku?

RENITA: Da sauƙi. Ya gwiwar taki?

ODESSA: Gwiwa tana nan tana mulkinta. Ina jikata Nia? Haƙorin ya fita?

RENITA: Ya fita, tana ta nuna wa mutane giɓin. Ya su Fasto? Ya Anti Verlene?

ODESSA: Verlene ƙalau take, bakinta ne dai ba ya hutu. Ke, ai gara da kika kira! Coci ta ɗauki hayar bas, gobe Asabar da sassafe za mu taso. Kowa ya buga riga mai lambar Lamont, tamanin da huɗu, a baya, har Dikin Whitfield, da tumbinsa da komai. Na soya tarwada, na gasa burodin masara, ga kek ɗin dankali guda biyu, ɗaya na mijinki shi kaɗai. Ran Lahadi duk filin ƙwallon Amurkan nan sai ya san jihar Mississippi ta zo kallon ɗanta. Alo? Kin yi shiru.

RENITA: Ina nan, Mama.

ODESSA: Me ya sami muryarki? Mura kike?

RENITA: A'a. Mama, kin kalli wasan Lahadin da ta wuce?

ODESSA: Ji wata tambaya! Wane wasansa ne ya taɓa wuce ni? Mai jifan ƙwallon nan nasu, Allah ya shirye shi, ya cilla ƙwallo sama a tsakiyar fili, inda ƙattin ke jira. Yarona ya yi tsalle ya cafke, wani basamude ya zo ya haɗa masa hular kwano da hular kwano. Har nan falo na ji ƙarar. Na ce Yesu! Amma kin gani? Bai saki ƙwallon ba. Lamont ba ya saki.

RENITA: Bai saki ba.

ODESSA: Kuma ya miƙe da ƙafarsa, ya ɗaga wa mutane hannu. Shi da kansa ya kira ni ran Laraba, ya ce an yi masa gwajin kai, likita ya ce lafiyarsa ƙalau, zai buga Lahadi.

RENITA: Mama, ba lafiyarsa ƙalau ba.

ODESSA: Me? Layin ya tsinke. Kin ce ƙafa?

RENITA: Na ce ba shi da lafiya! Kansa, Mama. Ran Talata ya fita ɗauko Nia daga makaranta. Aka tashi yara, kowa ya watse, malama ta kira ni wai ba wanda ya zo. Na bi hanya ina nemansa. A gidan mai na same shi, zaune a mota, hannu biyu a kan sitiyari. Na ce Lamont, me kake yi a nan? Ya ce wai an canza titunan.

ODESSA: To ai garin naku kullum cikin gyaran titi yake.

RENITA: Hanyar da yake bi kullum ce, ba abin da aka taɓa. Tun ran nan a ɗaki yake wuni da labule a rufe, haske yana sa shi amai. Nia ta yar da cokali a ƙasa, ya daka mata tsawar da sai da ta ɓuya a bayana. Lamont fa, wanda yarinyar nan ke yi wa kwalliya da jan farce yana zaune yana dariya.

ODESSA: Gajiya ce. Wasan nan ba wasa ba ne, jiki da jini. Ke ba likita ba, ni ba likita ba. Masu ilimin sun gwada shi sun ce ya ci.

RENITA: Ya ci, Mama, don tun farko ya faɗi da gangan.

ODESSA: Ban gane ba. Ya ci ko ya faɗi?

RENITA: Saurara. Kafin a fara kakar wasa, lokacin kowa yana garau, ana zaunar da su gaban kwamfuta. A nuna musu kalmomi a ce su tuna, a ga saurin hannunsu, a ajiye sakamakon. Ranar da aka buge mutum a kai, sai a sake gwada shi a kwatanta da na farkon. In ya yi ƙasa, ba zai shiga fili ba.

ODESSA: To, ai dabara ce mai kyau.

RENITA: Su ma 'yan wasan sun yi tasu dabarar. Tsofaffin ke koya wa sababbi: ka yi sanyin hannu a gwajin farko, ka yi kamar ka manta, ka mai da kanka dolo tun kana lafiya. Ranar da ka zama dolon gaske ba mai ganewa. Jiya da safe ya gaya mini da bakinsa, yana dariya, wai in kwantar da hankalina, shi ya riga likita wayo.

ODESSA: Wayyo Allah. Yaron da ya haddace Zabura yana aji uku, shi ne ya zauna ya mai da kansa dolo?

RENITA: Kowace shekara, Mama.

ODESSA: A'a. A'a, Renita, tsaya. Ke ba ki san abin da yaron nan ya sha ba.

RENITA: Na sani mana.

ODESSA: Ba ki sani ba, ba ki zo ba tukuna! Ranar zaɓen sababbin 'yan wasa na yi girki na gayyato duk unguwa, muka zuba wa waya ido har aka gama kiran sunaye, ba ta yi ƙara ba. Mutane suka riƙa sulalewa ɗaya-ɗaya, ko sallama babu. Ƙungiya uku suka ɗauke shi gwaji suka kore shi. Ya dawo nan yana lodin kwali a sito, in ya tashi aiki ubansa ya riƙa jifa masa ƙwallo a bayan coci har yatsunsa su fashe. Duba hannunsa, akwai yatsa ɗaya miƙaƙƙe? Da haƙori ya ƙwaci gurbin nan.

RENITA: Shi ya sa yake tsoro. Shekararsa talatin da ɗaya, kwantiraginsa bana zai ƙare. Akwai wani yaro sabon zuwa a bayansa, gudu kamar barewa, jira kawai yake. Lamont ya ce in ya zauna a benci Lahadi ɗaya, yaron ya shiga ya yi kyau, shi ke nan, ba mai sake tuna lambarsa.

ODESSA: To kin ji. Ƙarya ya yi?

RENITA: Bai yi ƙarya ba. Amma na karanta, Mama, na tambayi wata ƙawata nas. In aka sake buga kan da bai warke ba, mutum na iya kwantawa a filin nan bai tashi ba. Kuma aikinsa ke nan, ya ruga tsakiya idonsa na sama yana kallon ƙwallo, bai ga mai zuwa ba.

ODESSA: Ina kike yanzu? Ina jin motoci.

RENITA: Ina bakin ofishin likitan ƙungiya. Tun da na sauke Nia nake zaune a mota, na kasa fita.

ODESSA: Za ki kai ƙarar mijinki?

RENITA: Ya ce in na buɗe baki ga kowa, in ɗauka na kashe shi da hannuna, kuma kada in jira ya yafe. Bai taɓa yi mini irin kallon nan ba. Mama, ina son mutumin nan. Ban san yadda zan yi ba, shi ya sa na kira ki.

ODESSA: 'Yata, ki bari mana a wuce Lahadin nan kawai. Wasa ɗaya. Mu zo, Fasto ya ɗora masa hannu, in zaunar da shi in yi masa magana da kaina. Mutane sun biya kujera, tsofaffi sun... ya zan ce musu? Wasa ɗaya ne, Ubangiji zai tsare.

RENITA: Mama, akwai abin da ban gaya miki ba.

ODESSA: Kuma?

RENITA: Ɗazu da yake ɗaure takalmi zai tafi atisaye, ya ɗago ya tambaye ni ko Baba zai biyo bas ɗin. Wai in ce masa ya zo da jaket, kada sanyi ya kama shi.

ODESSA: Wane Baba? Dikin?

RENITA: Babansa, Mama.

ODESSA: Babansa...

RENITA: Alo? Mama? Layin ne?

ODESSA: Ba layi ba ne. Shi fa ya ɗauki akwatin gawar. Shi ne a gaba, ta hannun dama. Shi ya zaɓi kwat ɗin da aka sa wa uban.

RENITA: Na sani. Na ce to, zan gaya masa.

ODESSA: Ya Ubangiji, ka ji ƙaina. Ni ina nan ina soya kifi, ɗana yana can yana narkewa. Na tsaya gaban talabijin ina tafi don bai saki ƙwallo ba. Da ma ya saki! Da ma tun yana yaro ya riƙa saki!

RENITA: Kada ki yi kuka, Mama, in kika fara ni ma...

ODESSA: Share fuskarki. Fita daga motar nan.

RENITA: Mama, aurena...

ODESSA: Ki shiga ki faɗa musu komai, gidan man, aman, gwajin ƙaryar, duk. In sun tambaya, ki ce Odessa Pettway ce ta aiko ki, uwar da ta haife shi. Shi ma haka za ki ce masa, ni na tilasta miki. Miji kan rabu da mata, amma ban taɓa jin kotun da ta raba ɗa da uwarsa ba. Ya ƙi ni shekara goma in ya ga dama, in dai yana da ran da zai ƙi ni da shi.

RENITA: Wasansa ya ƙare ke nan fa. Ba za su sake yarda da shi ba.

ODESSA: Na sani. Ni na saya masa hular kwanonsa ta farko, kin ga kuwa ai na sani. Tsaya... wani kira na shigowa. Renita, shi ne. Lamont ne.

RENITA: Wayyo! Kada ki ɗauka! Me za ki ce masa?

ODESSA: Gaskiya. Gara ya ji daga bakina. Kin buɗe ƙofar? Ban ji ƙara ba.

RENITA: Na buɗe.

ODESSA: To rufe ta ta waje. Yauwa, na ji. Je ki, 'yata, kada ki waiwaya. Bari in amsa wa ɗana.

RENITA: Mama, ki ce masa ina... Alo? Mama?