Barcin Zulkifli a Motar Gwaram

A tashar Birnin Kudu muna jiran motar Gwaram ta cika, sai wani dattijo ya dubi matar da ke gefensa, ɗanta na barci a cinyarta.

"Baiwar Allah, tashe shi ya sha ruwa mana."

"Baba, ko direba bai isa ya tashe shi ba! Shekara huɗu Zulkifli bai yi barci baki a rufe ba, sai minshari, sai ya farka a firgice yana neman iska. Dube shi yanzu, numfashi lumui."

"Ai beli ne. Da kun kai wa wanzami."

"Kakarsa ta kai shi, aka cire belin, minshari na nan daram. Ashe linzami ne ya ɗaure harshen daga ƙasa, ba ya tashi sama, in ya kwanta sai ya takura masa numfashi. A asibitin garin nan aka yanke shi, yau sati uku."

Dattijon ya matso kusa. "Yara kaɗai yake samu?"

"Likita ta ce har manya."

"Wani abokina ne, shekara talatin minsharinsa na korar Hajjo ɗakin baya."

"Abokin naka ne har ka san inda matarsa ke kwana? Baba, ɗaga harshenka ya taɓa ganɗa mu gani."

Ya gwada, harshen ya ƙi tashi.

Sai ya miƙe. "Direba, sauko min da buhuna! 'Yata, ta wace ƙofa ake shiga asibitin?"