Ta Dai Canza Takalmi

A ɗakin jira na tashar motar Oaxaca ta ƙasar Meziko, talabijin na nuna wasan zamanin da, inda 'yar mai gandu ta kamu da son mai kiwon dawakin ubanta. Wata budurwa mai suna Maritza ta kasa yin shiru.

"Ki bi shi mana! Me ake da dukiya?"

Tsohuwar da ke gefenta ta yi tsaki. "Yarinya, masu wasan nan da an ɗaura aure sai su rufe. Ba sa nuna ranar da uwarta za ta gan ta a kasuwa ta kau da kai, ko yadda za ta ji mutuwar ubanta a bakin mai gawayi."

"Kin taɓa kallonsa ne, Mama?"

"Ban taɓa ba."

Maritza ta dube ta, ta sassauta murya. "To ta haƙura da shi ke nan?"

"Wa ya ce miki? Ta dai canza takalmi. Wancan na ƙafarta ba zai kai ta bakin kogi ba in za ta gudu da shi."

Sai ga wani dattijo mai kaushin hannu riƙe da kofin kunun masara, ya miƙa wa tsohuwar.

"Eduviges, sha tun da zafinsa."

Ta kurɓa, ta harare shi. "Har yau mutumin nan cika mini sukari yake yi."