Kwamfutar Marigayi Ta Ƙure Mini Haƙuri

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajiya Binta daga Nassarawa GRA.

Maigidana ya rasu bai gama rubuta tarihin gidansu ba, ni nake ƙarasawa a tsohuwar kwamfutarsa ta tebur. Wallahi ta ishe ni! In na kunna ta, har in idar da sallar walaha ba ta gama buɗewa ba. 'Yata ta ce, "Mama, ƙwaƙwalwarta ce ta yi kaɗan, a ƙara mata RAM." Mai gyara daga Hotoro kuwa ko taɓa ta bai yi ba ya ce, "Hajiya, jefar da ita kawai." Na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Don Allah masana ku gaya mini gaskiya: ƙarin RAM zai sa ta yi sauri? Ni dai ba zan jefar da kayan Alhaji ba.