Batirai Huɗu da Madubin Ladi

Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Audu ne, manomi daga Gozaki.

Makon jiya ka ce Turawa sun ƙera wani faranti mai shan hasken rana ya mayar da shi lantarki, har na'urorinsu na sararin sama da shi suke aiki. Mu nan in batirin rediyo ya mutu, sai an taka har Malumfashi. Sai na shanya batirai huɗu bisa rumbu, na haska musu madubin matata Ladi. Batiran suka kumbura, akuya ta fasa madubin, Ladi ta daina gaishe ni.

Wallahi na gaji. Ranar nan ta ƙone mini dawa bana. Yaushe za ta yi mana aiki mu ma? Ka ɗaga murya, a rediyon maƙwabci nake saurare.