Ƙusa Guda a Cikina, Wata Goma Ina Cewa Lahiya Lau

Salama gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, 'yan'uwana na grup ɗin matasa. Iliya ne, mai kabu-kabu na tashar Madawa. Da waya nike rubutu, ku yi haƙuri da kuskure.

Duk mai tsohon bidiyona na shaida, wanda na ɗaga riga ina rawa, don Allah shi goge shi. Ga ta gaskiya nan.

Kahin in samu moto, lodin albasa nike yi a kamiyo. Nan ƙaba ta hito mini bisa cibiya kamar ƙwan kaza, in na kwanta ta koma, in na yi tari ta leƙo. Anka ce sai aiki. Na tahi Yamai anka yi mini irin na kamera, wanda ba a tsaga ciki. Huda uku ƙanana, a shigar da raga a toshe ramin daga ciki. Abin da ban sani ba, ragar ba ta tsayawa da kanta sai an kahe ta. Tawa da ƙusoshi anka kahe ta, 'yan mitsi-mitsi na ƙarhe. Ba wanda ya gaya mini. Ni ma ban tambaya ba, sauri nike in koma nema.

Lahadi ta biyu da komowata Pasto ya ce in ba da shaida. Kun san halinmu, mutum na hitowa asibiti, tun tabo bai bushe ba an miƙa mai mikoro. Na tashi na ce Yesu ya warkar da ni sarai, na nuna tabo ukun, mata sunka yi guɗa. Wani ya ɗauka da waya. Kahin sati bidiyo ya kai Buza, ya kai Keita. Alhali ran nan ma, ina cikin rawar, akwai wuri guda hagun cibiya da ke sukata. Na ce na aiki ne, za shi wuce.

Bai wuce ba. Wata ɗaya, wata uku. Wuri guda tak, yatsa ɗaya na ruhe shi. In na duƙa bisa moto, suka. In taya ta shiga rami, suka. Dariya ma sai da dabara.

Sau ɗaya na samu Pasto bayan sujada na ce mai, Baba, ciwon nan hwa shina nan. Ya riƙe hannuna ya ce in tsaya bisa shaidata, kar in ba Shaiɗan ƙohwa. Ya ce har wani dattijo daga Ibohamane mai tsoron aiki ya yarda a yi mai saboda bidiyona. To mi za ni ce? Ban ce Pasto mugunta ya yi ba. Amma ran nan na gane ba ni da sauran izinin ciwo a majami'armu.

Kowa ya gamu da ni sai "Mai shaida, jiki garau ko?" Tambaya da amsarta a ciki. In ce lau.

Tramol ne ya saurare ni. A tasha ba a wahalar samu. Ƙwaya guda da sahe, in yi aiki har la'asar ban ji komi ba. Sannan biyu. Sannan na bar ƙirga. In sha ƙwaya ran Lahadi in zo in buga ganga gabanku, kuna cewa Ruhu ya sauko ma Iliya. Ba wanda ya dubi idona. Na rame har wando na zamewa, wata 'yar'uwa ta ce azumi ya karɓe ni.

Lokacin cirar albasa na tahi Tama wurin Inna. Inna musulma ce, ba ta taɓa taka majami'a ba. Ina ɗaga kwando cikin garka, rana tsaka, sai na kihe. Masu cirar albasa sun ce na yi ta karkarwa ina tauna halshe. Da hankalina ya komo ina gindin mangwaro, Inna zaune, ta zazzage aljihuna, ƙwayoyin na bisa zanenta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tun ran da na sauka moto ta ga yadda nike kare gehen cikina da hannu. Sannan ta ce:

"Auta, Allahn naku ba a gaya mai ciwo?"

Na sa goshi ƙasa nan cikin ganyen albasa. Addu'ar da na yi ba mai daɗi ba ce. Na ce, Yesu, ban warke ba. Na yi ƙarya da sunanka gaban mutane. Ina jin haushinsu, kai ma ina jin haushinka. In kana ji, ka hidda ni.

Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Amma kunyar da ta ɗaure mini baki wata goma ta sake ni nan take.

Inna da kanta ta rako ni Madawa ta sa ni kar, babbar motar zuwa Yamai. Wanga karo a asibiti lokotoro mace na samu. Na gaya mata duka, har tramol. Ta ce in nuna wurin da yatsa ɗaya. Ta danna, na kusa tashi sama. Ta yi mini allurar kashe zahi daidai nan, ta ce in duƙa, in yi tari. Babu suka ko kaɗan. Ban san sadda hawaye sunka zo ba.

Ta ɗauki takarda ta zana mini. Ta ce hanya uku ake kahe raga. Ƙusa na da sauri kuma tana riƙewa, amma in guda ta kama jijiya, to ga irina nan. Ɗinki da zare ta cikin naman ciki shina da riƙo mai ƙarhi, sai dai shi ma shina iya ja shi yi ciwo inda anka ƙulla. Akwai gam, ya hi sauƙin zahi, amma ba kowane rami ake yarda da shi ba, balle na mai ɗaukar buhu. Ta ce babu wadda ta hi ga kowane ciki, kuma wanda ya yi mini aiki bai yi laihi ba. Na ce to mi ya hana a gaya mini haka tun can? Ta ce gaskiyata, ya kamata. Sai ta ce:

"Kai kuma mi ya hana ka komowa? Da ka zo da wuri, da ba ka san tramol ba."

Wannan maganar ke cina har yau.

Ta sake shiga da kamera ta cire ƙusa guda, don ragar ta riga ta kama nama. Ta nuna mini cikin kwalba, murɗaɗɗen ƙarhe bai kai ƙwayar wake ba. Tramol kuwa sannu-sannu ta sa na rage. Zuhwa, amai, ƙasusuwa kamar ana tauna su. Yesu ya riƙe ni, ni kam na saki sau nawa.

Sukar ta tahi. Ƙwaya sati bakwai ban sha ba, amma in na wuce teburin mai saidawa har yanzu yawuna na tsinkewa. Da labari ya kai ma Pasto, ya zo gida ya nemi gahwara, na ce na ji. Yahewar gaske ina roƙon Ubangiji shi kai ni, ban iso ba tukun.

Na gode ma Yesu da ya ji addu'ar mai hushi. Yabo ya tabbata ga sunanai! Ku dogara gare shi, gaskiyarku ba ta korar shi.

Na kuma san cikin masu karanta wannan akwai mai ciwon da bai gaya ma kowa ba. Ina tasha kullum tun sahe, kusa da masu shayi. Zo ka hau bayana ka gaya mini a hanya. In asibiti ne in kai ka, ba ka biyan ko sisi, kurs ɗin nawa ne. Amin.