Farar Tutar da Na Ɗaga

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Sunana Iliya. Yau zan faɗi abin da na shekara biyu ina haɗiyewa.

Kun tuna daminar da tsuntsun jan baki ya yi wa gero ca a ƙasar Kebbe, har aka kawo ƙaramin jirgi na feshi? Fili aka share masa a daji, aka ba ni tuta biyu. Fara, matuƙi ya sauka. Ja, kada ya sauka. Aikina ke nan, ko jaki zai iya.

Sai dai filin ya ratsa burtali. Ran nan da hantsi Baffa Jaɓɓo ya iso da garkensa, dattijon da duk shekara yake aiko wa matata nono. Na ce masa jirgi na hanya.

Ya ce, "Ɗana, nan munka saba bi tun kakanni. Shanun ga ƙishirwa sunka ji. Yanzu muna ƙetarewa."

Yaya zan dubi furfurarsa in ce a'a? Kunya ta kama ni, na ce su wuce. Da na jiyo ƙarar jirgi, na duba na ga saura kaɗan su fice, sai na ɗaga fara.

Ashe wata saniya mai sabon maraƙi ta toge a tsakiya! Matuƙin ya riga ya sauko ƙasa-ƙasa. Ya yi ƙoƙarin tashi, fiffike ya daki wata bishiyar ɗorawa. Wayyo, 'yan'uwa! Mutumin da muka sha koko tare da safe, a gabana ya cika.

Da masu bincike suka zo, na rantse ja na ɗaga, kuma makiyayi ne ya kutsa ba izini. Aka tsare Baffa wata uku. Da ya fito, rabin garken ya watse.

Ni kuwa na koma Tambuwal na faɗa giya. Injin niƙa in ya tashi, sai in ji kamar jirgin nan ne ya dawo. Ina zuwa sujada, amma bakina ba ya buɗuwa da waƙa. Na tsani kaina.

Wata Asabar na hau babur har gindin ɗorawar nan, na durƙusa na ce, "Ubangiji, ko ka kashe ni ko ka sake ni!" Na yi kuka har muryata ta dishe. Abu ɗaya ya tsaya mini a zuciya: tashi ka nemi dattijon.

A kasuwar Dogon Daji na same shi, ya rame. Na faɗi gabansa na ce, "Baffa, fara na ɗaga."

Ya ce, "Na sani, ai da idona nig gani."

"To, me ya hana ka faɗa?"

"Ni na roƙe ka. Ƙaƙa za ni kai ka ga wuta?"

Tun ranar ban ƙara taɓa kwalba ba. Na gode wa Allah! Na je na gyara maganata wurin hukuma, ina jiran abin da za su yanke. Na kuma rubuta wa matar matuƙin, har yau ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ku yi mini addu'a. Wanda ke ɓoye da irin nawa, ya dogara ga Yesu ya buɗe baki tun mai haƙƙin yana da rai. Amin.